Gano Taruwar Ƙanƙara a Fukafukan Jiragen Sama da Farfelar Jirage Masu Saukar Ungulu

1.0 Gabatarwa

Hausawa kan ce gani ya kori ji, amma akwai wani maƙiyin jirgin sama da ido bai cika riskarsa ba sai bayan ya gama ɓarna. Wannan maƙiyi shi ne ƙanƙarar da kan taru a jikin jirgi, ko yana ajiye a filin jirgi ko yana ratsa gajimare. Sau da yawa kaurinta bai fi na farce ba, amma duk da haka ta sha kayar da manyan jirage tare da hallaka waɗanda ke ciki.

Kawar da ƙanƙara daga jikin jirgi daɗaɗɗen ilimi ne. Tun wajen shekarar 1930 kamfanin B.F. Goodrich na Amurka ya ƙera rigar robar da ake sanya wa gaban fiffike, wadda kan kumbura ta farfasa ƙanƙara. Daga baya aka shiga amfani da iska mai zafi da ake jawowa daga injin, da kuma zafin lantarki. Abin da ya fi ba masana wahala har yanzu shi ne sanin lokacin da ƙanƙarar ta fara taruwa, da wurin da take taruwa, da kuma irinta. Wannan maƙala za ta yi bayanin hanyoyin da ake bi wajen gano ta a fukafukan jirage da kuma farfelar jirage masu saukar ungulu. Za ta nuna cewa kusan dukkan hanyoyin nan suna da rauni iri ɗaya, wato wuri guda ake dubawa ko aunawa, sa'an nan a yi wa sauran jikin jirgi hukunci da abin da aka samu a wurin. Yawancin hatsarin da za a kawo misalinsu sun auku ne a lokacin da wannan kintace ya saɓa wa abin da ke faruwa a jikin jirgin.

2.0 Ƙanƙara da Ire-irenta

A Hausa kalmar ƙanƙara ta ƙunshi duwatsun ruwan da kan zubo tare da hadari, da ruwan da aka daskarar a firji, har ma da wadda kan zuba kamar gari a ƙasashe masu sanyi, wato dusar ƙanƙara. Wadda ake magana a kanta a nan ta bambanta da waɗannan, domin a jikin jirgin take samuwa.

An saba cewa ruwa kan daskare idan sanyi ya kai digiri sifiri a ma'aunin Salshiyas. Sai dai ƙananan ɗigon ruwan da suka haɗu suka zama gajimare ba su cika bin wannan ƙa'ida ba. Kafin ruwa ya daskare yana buƙatar wata 'yar ƙwaya, kamar ta ƙura, wadda daskarewar za ta fara a kanta. Idan babu ita, ɗigon na iya zama a ruwansa har sanyi ya kai kusan digiri 40 ƙasa da sifiri. A wannan maƙala za a kira shi ruwa mai jinkirin daskarewa. Da zarar jirgi ya bugi irin wannan ɗigo sai ya daskare a jikinsa, kuma an fi samun haka tsakanin sifiri da digiri 20 ƙasa da sifiri. Ƙanƙarar da ke samuwa ta kasu kamar haka:

(i) Farar ƙanƙara. Takan samu idan ɗigon ƙanana ne kuma sanyi ya tsananta. Kowane ɗigo kan daskare nan take a inda ya faɗa, iska ta maƙale a tsakaninsu, shi ya sa take fara mai kaushi, kuma ba ta da wuyar gani.

(ii) Ƙanƙara mai sheƙi. Takan samu idan ɗigon manya ne kuma sanyin bai yi nisa da sifiri ba. Ruwan kan ɗan gangara kafin ya daskare, sai ya zama garai-garai kamar gilashi, wani lokaci kuma ya yi ƙahoni. Ta fi nauyi, ta fi kama jiki, ta kuma fi wuyar gani.

(iii) Gaurayayyiya, wadda ta haɗa siffofin biyun da suka gabata.

(iv) Daskararriyar raɓa, wadda kan rufe fiffiken jirgin da ya kwana a waje cikin sanyi.

(v) Ɓarɓashin ƙanƙara, wato ƙananan ƙwayoyin da suka riga suka daskare a can ƙololuwar hadari. Za a yi bayaninsa a sashe na 6.0.

3.0 Illar Ƙanƙara ga Fiffike

Mutane da dama kan ɗauka nauyin ƙanƙara ne ke kayar da jirgi. Alhali babbar illarta ita ce sauya siffar fiffike. Fiffike yana ɗaga jirgi ne saboda iska na bin bayansa sumul, tun daga goshinsa, wato gefen da ke fuskantar iska, har zuwa ƙeyarsa. Idan matuƙi ya rage gudu, dole ya ƙara ɗaga hancin jirgi domin fiffike ya ci gaba da ɗaukar nauyin. Akwai iyakar da idan aka wuce ta iskar kan rabu da bayan fiffike ta hargitse, ƙarfin ɗagawa ya yanke, jirgi ya fara zubowa. Ƙanƙara kan jawo wannan iyaka kusa. Hukumar Kula da Zirga-zirgar Jiragen Sama ta Amurka ta daɗe tana gargaɗin cewa ƙanƙarar da kaurinta da kaushinta ba su wuce na takardar goge katako ba na iya rage ƙarfin ɗagawa da kashi 30 cikin 100, ta kuma ƙara turjiyar iska da kashi 40 cikin 100.

Abubuwa biyu ne ke ƙara tsananta lamarin. Na farko, na'urar da ke yi wa matuƙi gargaɗin cewa ƙarfin ɗagawa na dab da yankewa an saita ta ne da fiffike mai tsafta, don haka fiffike mai ƙanƙara na iya gazawa kafin ta yi ƙara, sai fa idan an sauya mata saiti. Na biyu, na'urar tuƙi mai sarrafa kanta kan yi ta gyara tafiyar jirgi shiru yayin da ƙanƙara ke ƙaruwa. Matuƙin da hannunsa ba ya kan sitiyari ba zai ji jirgin na sauya hali ba, sai lokacin da na'urar ta gaza ta sakar masa jirgin da ya riga ya karkace.

Har ila yau, siririn abu ya fi kakkaura saurin tara ƙanƙara. Dalili kuwa shi ne kakkauran abu kan ture iska tun daga nesa, ƙananan ɗigo su bi ta su kauce, siriri kuwa ba ya ba su wannan dama. Saboda haka ƙananan fukafukan wutsiya kan riga babban fiffike tara ƙanƙara, ga shi kuma matuƙi ba ya iya hango su daga mazauninsa.

4.0 Hanyoyin Ganowa

4.1 Ido da Hannu Kafin Tashi

Dokar tashi a ƙasashe masu sanyi ita ce kada jirgi ya tashi da ƙanƙara ko raɓa daskararriya a fukafukansa. Akan wanke shi da ruwan magani mai zafi, a kuma fesa masa wani mai kauri da zai kare shi na ɗan lokaci, kuma akwai jadawalin da ke nuna tsawon lokacin da kariyar za ta ɗauka a kowane yanayi. An tsananta wannan doka ne bayan munanan hatsari. A ranar 13 ga Janairu, 1982, jirgin Air Florida ya faɗa kogin Potomac a Washintan jim kaɗan bayan tashinsa, mutum 78 suka rasu. A ranar 10 ga Maris, 1989, jirgin Air Ontario ƙirar Fokker F28 ya faɗi a Dryden ta ƙasar Kanada, mutum 24 suka rasu. A ranar 22 ga Maris, 1992 kuma wani Fokker F28 na kamfanin USAir ya faɗi a filin LaGuardia na birnin New York, mutum 27 suka rasu. Dukkansu da ƙanƙara a fiffike suka tashi.

Misalin da ya fi nuna gazawar ido shi ne na jirgin SAS ƙirar MD-81 da ya tashi daga Stockholm ta Suwidin a ranar 27 ga Disamba, 1991. Jirgin ya sauka a daren da ya gabata da ragowar mai a tankunan da ke cikin fukafukansa, man kuwa ya ɗauki matsanancin sanyi a sama. Ya kwana cikin yayyafi, ruwan da ya sauka a kan fatar fiffiken da ke saman man ya daskare ya zama ƙanƙara mai sheƙi. An wanke jirgin da safe, ga ido ya fito fes, amma ƙanƙarar na nan kwance. Da ya tashi fukafukai suka ɗan lanƙwashe kamar yadda suka saba, ƙanƙarar ta ɓalle ta shige injinan biyu da ke bayan jirgin, duka suka mutu. Matuƙan sun saukar da shi a wata gona kusa da Gottröra, ya karye gida uku, amma dukkan mutum 129 da ke ciki suka tsira. Darasin da aka ɗauka shi ne, a irin wannan yanayi dole ma'aikaci ya hau tsani ya shafa bayan fiffike da hannunsa, domin tafin hannu kan ji abin da ido ya kasa gani.

4.2 Ido da Ma'aunin Sanyi a Sama

Bayan an tashi babu damar shafawa. Matuƙan manyan jirage ba sa ma ganin mafi yawan fiffiken, sai su dubi wani abu siriri da ke gabansu, kamar kusar magogin gilashi. Wasu kamfanoni kan dasa wani ɗan ƙarfe musamman domin haka, kamar wanda ke tsakanin gilasan gaba na Airbus A320 mai fitila a ciki, da wanda ke kusa da tagar matuƙi a jiragen ATR. Akwai kuma fitilun da ke haska goshin fiffike da dare.

Tun da ido ba abin dogaro ba ne, sai aka kafa wata ƙa'ida da ba ta jiran a ga komai. A manyan jirage da dama, idan ma'aunin zafin iska ya nuna digiri 10 ko ƙasa da haka, kuma ana ganin danshi kamar gajimare ko ruwan sama, sai a kunna ɗumamar injin. Wannan rigakafi ne, sai dai yana cin mai kuma yana rage ƙarfin injin.

An daɗe ana koya wa matuƙan jirage masu rigar roba su jira ƙanƙara ta yi kauri kafin su kumbura rigar, bisa tsoron kada siririyar ƙanƙara ta buɗe ta zama rumfa da rigar ba za ta iya fasawa ba. A ranar 9 ga Janairu, 1997, jirgin Comair ƙirar Embraer 120 ya faɗi kusa da Detroit, mutum 29 suka rasu. Bincike ya nuna cewa siririyar ƙanƙara ce mai kaushi ta taru, wadda da ƙyar matuƙan za su iya gani, kuma ba a kunna rigar ba. Bayan haka aka wajabta sanya wa wannan ƙirar jirgi na'urar gano ƙanƙara, aka kuma karkata ga kunna rigar da zarar an ga alamar farko.

4.3 Tsinke Mai Kaɗawa

Na'urar da ta fi yaɗuwa a jiragen fasinja ita ce wadda kamfanin Rosemount na Amurka ya shahara da ƙerawa. Wani ɗan tsinken ƙarfe ne da ke leƙowa daga jikin jirgi, galibi kusa da hanci. Tsawonsa kimanin santimita 2.5 ne, kaurinsa kuwa kimanin milimita 6. An yi shi da gaurayen ƙarfe mai sinadarin nikel, wanda ke da wata ɗabi'a ta miƙewa da tsukewa idan ƙarfin maganaɗisu ya ratsa shi. Da wannan ɗabi'a ake sa shi ya riƙa kaɗawa sau 40,000 a kowace daƙiƙa, kaɗawar da ido ba ya gani, kunne kuma ba ya ji.

Makaɗa sun san cewa idan aka liƙa danƙo a tsakiyar fatar ganga, muryarta kan yi ƙasa, domin nauyi ya ƙaru. Haka abin yake ga tsinken nan. Idan ƙanƙara ta kama shi sai ya yi nauyi, kaɗawarsa ta ragu. Idan ragin ya kai kimanin 130 daga cikin 40,000 ɗin nan, to kaurin ƙanƙarar ya kai rabin milimita. Nan take na'urar kan aika saƙo ɗakin matuƙa, sa'an nan ta ɗumama tsinken na 'yan daƙiƙoƙi ya narkar da abin da ke kansa, ya huce, ya koma jira. Yawan maimaita wannan zagaye shi ke nuna tsananin yanayin. Ruwan da bai daskare ba ba ya kama tsinken, don haka bai cika ruɗa shi ba. Tun da kuma siriri ne, ana sa ran zai riga fiffike tara ƙanƙara.

Ana amfani da na'urar ta hanyoyi biyu. A wasu jirage mai ba da shawara ce kawai, alhakin kunna ɗumama na kan matuƙi. A wasu kuwa, kamar Boeing 777, akan sanya guda biyu, kuma su ne ke kunna ɗumamar da kansu. A shekarar 2009 hukumar Amurka da aka ambata ta kafa dokar cewa kowace sabuwar ƙirar jirgin fasinja ta zaɓi ɗaya daga hanyoyi uku: na'urar da aka dogara da ita kacokan, ko na'ura mai ba da shawara haɗe da alamomin da ido ke gani, ko kuma ƙa'idar sanyi da danshi.

4.4 Iyakar Tsinke

Tsinken yana ba da labarin kansa ne kawai. Tun a shekarar 1951 masanin yanayi ɗan Ingila F. H. Ludlam ya nuna cewa idan sanyi na dab da sifiri kuma ruwan ya yi yawa, ba dukkan ruwan da ya bugi abu ke daskarewa a kansa ba, domin daskarewa kanta na fitar da ɗumi. A irin wannan hali tsinken na iya jinkirin tara ƙanƙara, alhali a bayan fiffike, inda iska ta fi gudu ta kuma fi sanyi, ruwan da ya gangara yana daskarewa.

Rauni na biyu shi ne tsinken ba ya bambance girman ɗigo. Ƙa'idojin da aka daɗe ana gwada jirage da su an gina su ne kan awon gajimaren da aka yi a Amurka a ƙarshen shekarun 1940, inda matsakaicin girman ɗigo bai wuce maikuron 50 ba. Maikuron ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita. To amma akwai yayyafi mai jinkirin daskarewa da ɗigonsa ya ninka haka sau da yawa. Irin wannan ɗigo, saboda nauyinsa, kan bugi fiffike har bayan inda kariya ta tsaya.

A ranar 31 ga Oktoba, 1994, jirgin American Eagle ƙirar ATR 72 yana shawagin jiran izinin sauka a Shikago cikin irin wannan yayyafi. Matuƙan sun san akwai ƙanƙara, kuma rigar robar na aiki. Abin da babu na'urar da ta gaya musu shi ne wata kunya ta ƙanƙara ta taru a bayan rigar, a gaban marfin da ke ƙeyar fiffike wanda ake karkata jirgi da shi. Da hancin jirgin ya ɗagu yayin da suke gangarowa, kunyar ta hargitsa iska, iskar ta fizgi marfin, na'urar tuƙi ta saki, jirgin ya kife ya faɗi a wata gona kusa da Roselawn ta jihar Indiyana. Dukkan mutum 68 suka rasu. A watan Disamba na shekarar aka bi bayan wani jirgin tanki mai fesa ruwa da irin wannan jirgi, aka ga yadda kunyar ke samuwa. Sai aka faɗaɗa rigar, aka kuma koya wa matuƙa cewa ƙanƙara a tagar gefe alama ce ta manyan ɗigo, wadda ke wajabta kashe na'urar tuƙi da barin wurin nan take. Sai a shekarar 2014 aka shigar da manyan ɗigo cikin ƙa'idojin gwajin jirage na Amurka.

5.0 Jirgi Mai Saukar Ungulu

Matsalar ta fi tsanani ga jirgi mai saukar ungulu, domin farfelarsa ita ce fiffikensa. Fukafukan farfelar sirara ne, don haka suna saurin tara ƙanƙara, kuma matuƙi ba zai iya ganinsu ba tun da juyawa suke yi. Bugu da ƙari, kowane sashe na fiffiken farfela yanayinsa daban. Bakinsa na waje kan yi gudun da ya kai mita 200 a daƙiƙa ko fiye, kuma wannan gudu kan ɗumama shi da kimanin digiri 20 a busasshiyar iska, ƙasa da haka a cikin gajimare. Kusa da gindi kuwa gudun kaɗan ne. Saboda haka ƙanƙara kan fara daga ciki, ta riƙa miƙewa zuwa waje gwargwadon ƙaruwar sanyi.

Illolin guda uku ne. Turjiyar iska kan ƙaru, injin ya buƙaci ƙarin ƙarfi domin riƙe juyawar. Ƙarfin juyawa kan ɓalle ƙanƙara daga wani fiffike ya bar ta a wani, nauyi ya rinjayi gefe ɗaya, jirgi ya kama jijjiga mai tsanani, ɓallin kuma na iya bugun farfelar wutsiya ko ya shige injin. Na uku, idan injin ya mutu jirgi mai saukar ungulu kan sauka ne ta barin iska ta riƙa juya farfela, farfela mai ƙanƙara kuwa ba lallai ta riƙe juyawar da ake buƙata ba.

Dasa na'ura a kan fiffiken da ke juyawa abu ne mai wuya, saboda jijjiga da zaizayar yashi da ruwan sama, da kuma wahalar fito da saƙo daga abin da ke juyawa. Don haka akan dasa ta a gangar jikin jirgi. Sai dai idan jirgin ya tsaya cak a sama babu iskar da za ta kawo wa tsinken ɗigo, alhali farfela na ci gaba da yankar gajimare. An magance wannan ta sanya tsinken cikin bututun da ake zuƙo iska ta cikinsa da ƙarfin iskar injin. A jirage kamar Black Hawk, ma'aunin sanyi ne ke ƙayyade tsawon lokacin da za a ɗumama farfela, na'urar ƙanƙara kuma ta ƙayyade tsawon hutun da ke tsakani. Idan ɗumamar ta yi kaɗan ƙanƙara ba za ta ɓalle ba, idan ta yi yawa ruwan zai gangara ya sake daskarewa a ƙeya.

Duk da haka, shaidar da ta fi kusa da farfela ita ce ma'aunin ƙarfin murɗawa, wanda ke nuna ƙarfin da injin ke kashewa wajen juya ta. Idan ya hau ba tare da matuƙi ya taɓa komai ba, to farfela ta ɗauki ƙanƙara. Saboda wuyar lamarin, yawancin ƙananan jirage masu saukar ungulu an hana su shiga yanayin ƙanƙara gaba ɗaya. Super Puma na Faransa ya sami izinin shiga a farkon shekarun 1980, Sikorsky S-92 kuma a shekarar 2005.

6.0 Ɓarɓashin Ƙanƙara a Sararin Ƙasashe Masu Zafi

Kuskure ne a ɗauka wannan matsala ta ƙasashen sanyi ce kaɗai. Iska kan ƙara sanyi da kimanin digiri 6.5 a kowace kilomita da aka hau. Ke nan a ranar da zafi ya kai digiri 30 a ƙasa, sifiri na nan a tsayin da bai kai kilomita 5 ba, wato wajen ƙafa 15,000. Jirage masu farfela irin su ATR 72 da Dash 8, waɗanda ke jigila tsakanin biranen Nijeriya, a wannan tsayi zuwa sama suke tafiya, kuma gajimaren damina cike yake da ruwa.

Can sama da haka, a ƙololuwar manyan hadari, akwai ɓarɓashin ƙanƙara mai yawa. Ba ya kama fiffike mai sanyi, bugunsa yake yi ya wuce, haka kuma yake yi wa tsinke mai kaɗawa, don haka tsinken kan yi shiru. Na'urar hangen hadari da ke hancin jirgi ma ba ta cika nuna shi ba saboda ƙanƙantar ƙwayoyinsa. A wurare masu ɗumi yake ɓarna, kamar cikin injin da bututun awo, inda yakan ɗan narke ya manne, wani ya taru a kansa.

A ranar 1 ga Yuni, 2009, irin wannan ɓarɓashi ya toshe bututun auna gudu na jirgin Air France ƙirar Airbus A330 da ya taso daga Riyo ta Birazil zuwa Paris. Toshewar ba ta kai minti ɗaya ba, amma na'urar tuƙi ta saki, matuƙan suka ruɗe, jirgin ya faɗa tekun Atlantika da mutum 228. A ranar 24 ga Yuli, 2014 kuma, jirgin Air Algérie ƙirar MD-83 ya tashi daga Wagadugu zuwa Aljiyas, ya kauce wa wani hadari, ya daidaita a tsayin ƙafa 31,000. Ba a kunna ɗumamar injin ba, sai ƙanƙara ta toshe ma'aunin da ke gaban injinan, ya riƙa nuna ƙarfin da ya fi na gaskiya. Na'ura ta rage mai, gudu ya yi ta raguwa na tsawon mintuna, na'urar tuƙi na ƙara ɗaga hanci, har ƙarfin ɗagawa ya yanke. Jirgin ya faɗi kusa da Gossi ta ƙasar Mali, dukkan mutum 116 suka rasu. Irin wannan ma'auni ne ya yaudari matuƙan Air Florida shekara 32 kafin nan.

Alamomin da matuƙa ke lura da su a yau su ne ganin kamar ruwan sama a gilashi a tsayin da ruwa ba zai yiwu ba, da kuma ma'aunin zafin iska ya koma kusa da sifiri ba dalili. A shekarar 2013 kamfanin Boeing ya umarci masu wasu jiragensa ƙirar 787 da 747-8 su nisanci irin wannan hadari da mil 50 na teku, kafin a gyara tsarin sarrafa injinansu.

7.0 Sababbin Dabaru

Bincike ya kama hanyoyi biyu. Ta farko ita ce kai awo kan fiffiken kansa, ko kuma auna gajimaren. Akwai na'urorin da ake shafe su da fatar fiffike, masu aika sautin da kunne ba ya ji su auna dawowarsa, da masu auna yadda lantarki ke ratsa abin da ke kansu, tun da ruwa da ƙanƙara sun bambanta a wannan. Akwai kuma masu harba haske cikin gajimare domin tantance girman ɗigo da bambance ruwa da ɓarɓashi.

Hanya ta biyu ita ce mayar da jirgin kansa ma'auni. Kwamfuta kan kwatanta gudun da ya kamata jirgi ya yi bisa nauyinsa da ƙarfin injinsa da wanda yake yi a zahiri. Idan an sami giɓi, to turjiya ta ƙaru, ko a ina ƙanƙarar take. Jiragen ATR na da irin wannan na'ura. Wani shirin bincike na Tarayyar Turai mai suna SENS4ICE, wanda cibiyar binciken sararin samaniya ta Jamus ta jagoranta daga 2019 zuwa 2023, ya haɗa hanyoyin biyu, ya kuma gwada su cikin gajimare na gaske a Amurka da Faransa a shekarar 2023.

8.0 Kammalawa

An ga cewa ido kan kasa ganin ƙanƙara mai sheƙi, tsinke mai kaɗawa ba ya sanin girman ɗigo kuma ba ya jin ɓarɓashi, na'urar jirgi mai saukar ungulu kuwa tana gangar jiki alhali ƙanƙarar na kan farfela. Kowace hanya tana rufe wani giɓi ta bar wani, shi ya sa ake haɗa su. Har ila yau, hatsarin Roselawn da na Gossi sun nuna cewa ƙarar na'ura ba ta bayyana girman matsala, shirunta kuma ba ya tabbatar da lafiya. Don haka horon matuƙa ya ginu kan kunna kariya da wuri, da sa ido kan gudu da ƙarfin injin, da barin wurin da ƙanƙara take tun kafin jirgi ya sauya hali. Wannan ya shafi mai tuƙi a sararin Kanada cikin hunturu, ya kuma shafi mai ratsa hadarin damina a Afirka ta Yamma.